Zauren Tambaya da Amsa: Baƙin Wolnot, Itacen da Kurege Yake Shukawa

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu biyar da suka zo mana a kan itace guda, wato baƙin wolnot, wanda masana tsirrai suke kira Juglans nigra. Asalinsa gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ne, daga kudancin Ontariyo a ƙasar Kanada zuwa arewacin Fulorida, ta yamma kuma har tsakiyar Teksas da gabashin Nebraska. Dogon itace ne da yakan kai mita 30 zuwa 40 a wurin da ya sami ƙasa mai kyau. Ɗansa dunƙulalle ne, da koren ɓawo mai kauri daga waje, sai ƙwanso mai tsananin tauri, sannan ƙwaya mai maiƙo a can ciki. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Ohayo, kuma a bayan gidana akwai fili da ya gangara zuwa wani rafi. Bara da kaka na tsinto 'ya'yan baƙin wolnot cike da bokiti, na shanya su suka bushe sarai, na adana su a ɗaki, da bazara ta shigo na shuka wajen 50. Ko guda bai tsiro ba. A ina na yi kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren guda biyu ne, kuma dukkansu sun samo asali daga al'adar manomi mai kula, wanda ya saba da cewa iri sai ya bushe sannan a killace shi a wuri mai ɗumi. Irin wolnot ba haka yake ba. Idan ya bushe ƙayau, ran da ke cikinsa yakan raunana ko ya mutu, idan kuma bai sha sanyi ba, ba ya farkawa daga barcinsa. Allah Ya halicce shi da wannan ɗabi'a ne domin kada ya tsiro da kaka sanyin hunturu ya kashe shi tun yana ɗanye. Yana bukatar kwana 90 zuwa 120 cikin danshi da sanyin da ke tsakanin digiri 1 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyos kafin ya yarda ya fasa ƙwansonsa.

Ga yadda za ka yi a bana. Ka tsinci 'ya'yan a watan Satumba ko Oktoba da zarar sun fara zubowa, daga gindin itatuwa masu lafiya da miƙaƙƙen jiki na yankinku, domin irin da aka ɗauko daga can kudu mai nisa ba lallai ne ya jure wa sanyin Ohayo ba. Ka sa safar hannu ta roba kafin ka ɓare koren ɓawon, saboda ruwansa rini ne da kan yi makonni bai fita daga fata ba. Daga nan ka zuba su cikin ruwa: waɗanda suka taso sama galibi fanko ne, ka zubar da su, waɗanda suka nutse kuwa su ne irinka. Kana da zaɓi biyu bayan wannan. Ko dai ka cuɗa su da yashi mai danshi a cikin leda ka ajiye a firiji har bazara, ko kuma ka shuka su nan take da kaka a zurfin santimita 3 zuwa 5, ka bar hunturu ya yi aikinsa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma da sharaɗin ka rufe kowane rami da ragar waya ka kafe ta da turaku, domin kurege yana jin ƙanshin wolnot ko da yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ba zan yi mamaki ba idan shi ne ya tone wasu daga cikin na bara. Wani irin ma sai a shekara ta biyu yake tsirowa, don haka kada ka yi saurin kafta wurin da ka shuka na farko.

Ina ba ka shawarar ka shuka irin a inda itacen zai zauna har abada, maimakon ka rene shi a tukunya. Wolnot yana fara tura doguwar uwar saiwa ƙasa tun kafin samansa ya yi wani girma, kuma idan aka tsinke ta wajen dashe yakan daɗe bai murmure ba. Filin da ka kwatanta yana iya zama daidai da abin da yake so, wato ƙasa mai zurfi, mai taki, mai riƙe danshi amma wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, irin ta gefen rafuka da gindin tuddai. Ka haƙa rami mai zurfin mita guda ka duba. Idan ka ci karo da dutse ko taurin laka ko ruwa a kwance kafin ka kai nan, ka nemi wani ɓangaren filin. Ba ya son inuwa ko kaɗan, kuma kwarin da raɓar ƙanƙara take taruwa a ƙarshen bazara yana ƙone masa sabon toho.

Abin da ya fi kashe ƙananan wolnot bayan sun tsiro shi ne ciyawa, musamman mai kaurin saiwa irin wadda ake shukawa a makiyaya, domin tana kwashe ruwa da abinci ta bar tsiron ya tsumbure. Ka share da'irar da ta kai mita guda a kewayen kowane tsiro na tsawon shekara uku na farko, ka kuma kewaye shi da raga saboda barewa, wadda take cin toho, namijinta kuma yana goga ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa da kaka har ya saɓule musu ɓawo. Idan katako kake so, ka shuka su kusa da juna, kamar mita 3 zuwa 4, domin su yi tsere zuwa sama su miƙe, daga baya ka riƙa ragewa. Idan 'ya'ya da inuwa kake so, ka ba su mita 10 ko fiye. Itacen da ke fili shi kaɗai yana iya fara 'ya'ya kaɗan yana da shekara 4 zuwa 6, amma haihuwa mai yawa sai ya kai shekara 20 zuwa 30, kuma ko a lokacin ba kowace shekara yake cika ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun sayi gida a jihar Indiyana da wani babban baƙin wolnot a bayansa. Shekara biyu ke nan ina shuka tumatir da tattasai kusa da shi, sai su yi kyau, rana ɗaya kuma su yanƙwane su mutu alhali ina ba su ruwa. Maigidana ya ce a sare itacen kawai. Ni kuwa ina jin nauyin hakan. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, abin da kika gani sananne ne, kuma yana da dalili. A cikin saiwar wolnot da ɓawon 'ya'yansa da tohonsa akwai wani sinadari da ake kira juglon, ganye ma yana da shi amma kaɗan. A jikin itacen yana zaune ne cikin wata siffa marar lahani, sai ya haɗu da iska a cikin ƙasa sannan ya rikiɗe ya zama guba ga wasu tsirrai, inda yake hana ƙwayoyin jikinsu numfashi. A fannin kimiyya ɗan'uwa ne na kusa ga sinadarin da ke sa lalle ya kama fata, shi ya sa ɓawon yake rina hannu, kuma tun da daɗewa ake yin rini da tawada da shi. Tumatir da tattasai da dankalin turawa da yalo suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, haka ma itacen tuffa. Masara da wake da albasa da karas kuwa galibi suna rayuwa kusa da shi ba tare da matsala ba.

Sarewa ba za ta biya muku bukata da wuri ba, domin saiwoyin da suka rage a ƙasa za su ci gaba da fitar da sinadarin har sai sun ruɓe, abin da kan ɗauki shekaru. Ke nan za a yi asarar itacen da ya shekara arba'in ko sittin yana girma, tumatirin kuma bai tsira ba. Mafita ita ce a matsar da lambun. Saiwar babban wolnot tana wuce iyakar rassansa, tasirinta yakan kai mita 15 zuwa 18 daga gindi, wani lokaci ma fiye. Idan gidan ba shi da wannan faɗi, ku yi akwatunan shuka masu tudu, ku shimfiɗa abin da zai hana saiwa ratsowa daga ƙasa, ku cika su da sabuwar ƙasa daga wani wuri, sannan ku riƙa kwashe ɓawo da ganyen da suka faɗa ciki. Ya kamata in ƙara da cewa masu bincike sun lura ƙarfin gubar ya danganta da irin ƙasa: a ƙasa mai iska da yawan ƙananan halittu juglon yana saurin lalacewa, a mai riƙe ruwa kuwa yana taruwa. Wani abin da ake ɗora wa juglon ma inuwa ce da gasar neman ruwa. Ki isar wa maigida da wannan bayani cikin ladabi, ina fata zai sake shawara idan ya karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai nazarin gandun daji. Ana yawan cewa baƙin wolnot yana da amfani ga namun daji, amma ƙwansonsa ko da guduma da ƙyar ake fasa shi. Ban da kurege, wa yake amfana da shi?

Amsa: Ka yi tambaya mai kyau, kuma ka yi gaskiya a kan rabin maganar. Idan ƙwaya kaɗai za a duba, masu cin ta kaɗan ne. Barewa ba ta iya fasa ta, yawancin tsuntsaye ma sai dai su tsinci ɓarɓashin da wani ya fasa ya bari. Wajen ciyar da dabbobi iri-iri da 'ya'ya, itacen ok, wani babban itacen daji mai ƙananan 'ya'ya, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma wanda yake son taimakon namun daji bai kamata ya cika filinsa da wolnot zalla ba.

Amma kada mu raina rabon kurege. Manyan kuregun gabashin Amurka, da mai ruwan toka da mai jan ciki, suna da haƙoran da ke iya huda ƙwanson, kuma ƙwayar da ke ciki tana da mai sosai, wanda shi ne abin da dabba take bukata a watannin ƙanƙara. Taurin ƙwanson da ka ambata shi ne ma yake sa ta daɗe a binne ba ta lalace ba, don haka kurege yakan ɗauke ta ya yi nisa da gindin uwar ya binne ta ɗai-ɗai a wurare da yawa. Wadda ya manta da ita, ko kuma shaho ya ɗauke shi kafin ya koma kanta, ta sami zurfin da ya dace da sanyin da take bukata, sai ta tsiro da bazara. Ɗan wolnot yana da nauyi, iska ba ta ɗaukarsa, saboda haka ban da ruwan rafi, kurege ne yake yaɗa itacen. Yawancin wolnot da ake gani a bakin shinge da gefen gonaki shukarsa ce. Kuregen kuma shi kansa abinci ne ga shaho da mujiya da yanyawa, ta haka man ƙwayar yake isa ga dabbobin da ba su taɓa kusantar ta ba.

A ganina dai babban amfanin itacen yana cikin ganyensa ne, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Sinadaran da ke jikin wolnot suna korar ƙwari da yawa, amma akwai waɗanda suka daɗe tare da shi a wannan nahiya har jikinsu ya saba. Farfesa Douglas Tallamy na Jami'ar Delawe da abokan aikinsa sun ƙirga ire-iren malam-buɗe-littafi da danginsa masu tashi da dare waɗanda tsutsotsinsu suke rayuwa a kan itatuwan gabashin Amurka, suka sami fiye da 500 a kan dangin ok, fiye da 100 kuma a kan dangin wolnot. A cikinsu akwai wanda ake kira luna, mai koren fuka-fuki da dogayen jela biyu, wanda idan ya girma ba shi da bakin cin abinci, yakan yi kamar mako guda ne kawai ya yi ƙwai ya mutu. Duk ƙarfin da zai yi wannan da shi ya tara shi ne tun yana tsutsa a kan ganye. Akwai kuma wata ƙatuwar tsutsa mai ƙahonni da takan kai santimita 14, mai ban tsoro a ido amma ba ta harbi ba ta cizo.

Muhimmancin wannan shi ne, mafi yawan tsuntsayen tudu a Amurka ta Arewa, har da waɗanda manyansu tsaba suke ci, da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, kuma tsutsa ce ta fi dacewa domin tana da laushi da maiƙo. Tallamy ya ƙiyasta cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsu da ake kira cikadi yana bukatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ya yaye 'ya'yan sheƙa guda. Itacen ado da aka kawo daga wata nahiya, wanda ƙwarin yankin ba su san shi ba, yana iya zama kore shar babu huji ko ɗaya a ganyensa, amma bai ciyar da kowa ba. Saboda haka nake roƙon masu wolnot da kada su garzaya su yi feshi idan suka ga tsutsotsi sun taru sun cinye ganyen reshe guda a ƙarshen lokacin zafi, ko sun yi saƙa kamar ta gizo-gizo a bakin rassa. Babban itace mai lafiya yana jure wa wannan, tunda dama ya kusa zubar da ganyen, kuma akwai wani tsuntsu mai rawayan baki daga dangin kuku da ya ƙware wajen cin tsutsotsi masu gashi waɗanda sauran tsuntsaye suke ƙyama. Ƙaramin itace da aka cinye wa ganye shekara biyu a jere ne kaɗai yake bukatar agaji, shi ma cire tsutsotsin da hannu ya wadatar.

Akwai kuma amfanin inuwarsa marar duhu. Wolnot yana jinkirin fitar da ganye da bazara, yana kuma riga sauran itatuwa zubarwa da kaka, ga ganyen nasa rarrabe yake zuwa ƙananan falle 15 zuwa 23, don haka haske yana isa ƙasa. Ciyayin daji da baƙar rasberi, wadda juglon bai dame ta ba, suna yaɗuwa a ƙarƙashinsa su zama abinci da maɓoya ga zomaye da tsuntsaye. Idan kuma ya tsufa, gurbin rassan da suka karye yakan zama kogo, wanda mujiya da kurege mai shawagi da sauran masu kwana a rami suke gado daga tsuntsaye masu ƙwanƙwasa itace. Wannan kogon ba ya samuwa sai bayan shekaru da yawa, shi ya sa tsohon wolnot mai karkataccen jiki, wanda mai sayen katako ba zai kalla ba, yakan fi miƙaƙƙe daraja a wajen namun daji.

Tambaya: Malam, ina da dawaki biyu da kare. An ba ni kyautar ɗiɗɗigar katakon wolnot daga wurin wani kafinta domin shimfiɗa a barga. Da haɗari?

Amsa: Da haɗari babba, kada ka shimfiɗa ta. Doki idan ya tsaya a kan ɗiɗɗigar baƙin wolnot, ko da an gauraya ta da ta wani itace kaɗan ce a ciki, yakan kamu da kumburin naman cikin kofato a cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamunsa su ne zafin kofato, kumburin ƙafa da ƙin takawa, kuma abu ne na kiran likitan dabbobi nan take. Karen kuwa ka hana shi tauna 'ya'yan da suka daɗe a ƙasa suka yi fumfuna, domin fumfunar tana iya ɗauke da gubar da ke sa karkarwa da farfaɗiya.

Tambaya: Na ji an ce wanda ya shuka baƙin wolnot ya shuka dukiya, amma kuma na ji akwai cutar da take neman ƙarar da shi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Duka biyun suna da tushe, sai dai kowanne an ƙara masa gishiri. Katakonsa na cikin mafi tsada a Amurka, mai duhun launi, mai sauƙin sassaƙa, ba ya kuma saurin kantarewa, shi ya sa ake yin kayan ɗaki da ƙotar bindiga da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko bukatarsa ta kai ga Shugaba Woodrow Wilson ya nemi yara 'yan sikawut a 1918 su bi ƙasa suna gano inda itatuwan suke, domin ƙotar bindiga da farfelar jiragen sama. Amma kuɗi mai yawa na gungumen da yake miƙe ne, mai kauri, marar kulli, wanda za a fere shi falle-falle siriri a lulluɓe wani katako da shi, kuma irin wannan yana ɗaukar shekara 60 zuwa 80 tare da datse rassa tun yana ƙarami. Itacen tsakar gida kuwa masu injin yanka sukan guje shi saboda gajeren jiki da tsoron ƙusa ko waya da ta nutse a ciki.

Ta ɓangaren 'ya'ya, yawancin abin da ake sayarwa daga itatuwan daji ake tsinto shi, kuma jihar Mizuri ce kan gaba. Kamfanin Hammons da ke garin Stockton a can, wanda ya fara aiki a 1946, yana buɗe wuraren saye a jihohi da dama duk watan Oktoba, ƙwanson ma ba a zubar da shi, ana niƙa shi a yi amfani da shi wajen goge ƙarfe da tace ruwa da haƙar mai. Wanda yake son noman ƙwaya da gaske ya nemi dashen ɗan aure daga zaɓaɓɓun iri masu siririn ƙwanso, domin na daji ƙwayarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyinsa.

Cutar da ka ji labari ana kiranta cutar gyambo dubu. Wani ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, yake huda ɓawon reshe ɗauke da wani naman gwari mai suna Geosmithia morbida. Kowane huji yana zama ɗan gyambo a ƙarƙashin ɓawo, idan suka yi yawa suka haɗe sai hanyar abinci ta toshe, ganyen sama ya yi rawaya, rassa su bushe, itacen ya mutu cikin 'yan shekaru. Ƙwaron ɗan kudu maso yammacin Amurka da Meziko ne, inda yake zaune da wani nau'in wolnot na can ba tare da ya kashe shi ba. An fara lura da mutuwar baƙin wolnot da yawa a Kolorado a farkon shekarun 2000, sannan a 2010 aka gano cutar a Knoxville ta jihar Tenesi, wanda shi ne karo na farko da ta shiga ainihin mahaifar itacen. Zuwa yanzu ɓarnarta a gabas ba ta kai yadda aka ji tsoro ba, kuma ta fi kama itatuwan da fari ya riga ya galabaitar. Babu maganin da ke warkar da itacen da ya kamu. Ƙwaron ya fi yin doguwar tafiya a cikin gungume da itacen wuta da mutane suke ɗauka a mota, don haka kada ka kai ɗanyen wolnot mai ɓawo daga wata jiha zuwa wata ba tare da ka duba dokar wurin ba, kuma idan ka ga saman itacenka ya yi rawaya a tsakiyar lokacin zafi alhali na kusa da shi kore ne, ka sanar da ofishin gandun daji na jiharku domin su zo su ɗauki samfurin reshe.